Rigunan Hafizu Mai Lamba Tara

Duk wanda ya saba bi ta bakin ruwan Yelwan Yauri ya san mutumin nan mai ɗingishi da ba ya iya zama wuri guda, wanda in ya hangi wani sanye da rigar ƙwallo sai ya bi shi yana roƙon ya tuɓe ta. Mutane na yi masa dariya. Ni kam ba ya ba ni dariya, don na san lokacin da ake rufe rumfuna da wuri a tafi kallonsa, shi Hafizu, a talabijin.

Ɗan masunta ne, amma tun yana ƙarami ya tsani ƙarnin kifi. Ya samu shiga wani kulob a Kaduna a matsayin ɗan gaba, ya shekara biyu yana ɗumama benci. Gudu akwai shi, sai dai da ya zo gaban raga ƙafar ta rikice. Ranar da koci ya ce masa ya fara neman wata sana'a, bai ci abinci ba. Ya dawo gida, ya ɗauki kwalekwalen mahaifinsa da tsakar rana, ya tuƙa shi kaɗai zuwa wani tsibiri da ke ƙasan Ngaski, inda boka Tamada yake.

Ko tsuntsu ba ya sauka a tsibirin. Bukkar an rufe ta da tsofaffin komaye da suka ruɓe, a bakin ƙofa an kafa kawunan giwan ruwa a kan karyayyun filafilai. Ciki akwai wata randa baƙa da aka binne har wuya, ruwan cikinta yana motsi alhali babu iska. Tamada na zaune yana shafa bakin randar kamar mai lallashin jinjiri.

"Ƙahwarka ta kawo ka," in ji Tamada. "Mi za ka ba masu ruwa?"

"Rago, sa, duk abin da ka ce."

"Sun ƙoshi da nama. Mutum guda cikin gidanku."

Hafizu ya miƙe zumbur. "Wanga kam a'a. Ban taɓa jinina."

Tamada ya yi murmushi, ya kara kunne a randar ya daɗe. "To zamna. Sun ce ka bar musu rigunanka. Duk rigar da ka ci ƙwallo cikinta, tasu ta."

"Riga kawai? Sai in riƙa kawo maka?"

"Kada ka wahal da kanka. Ruwa ya san hanyar kayanai."

Wawa, har godiya ya yi. Ya tsoma ƙafar dama cikin randar, ya ji wani abu mai sanyi ya naɗe ta ya sake.

A wasan farko da aka sako shi ya ci biyu. Kafin shekara uku ya bar ƙasar, daga Masar ya haye Turai. Ya rushe ɗakunan laka na gidansu ya tayar da bene, ya auri Zakiyya, suka haifi Nusaiba. Kuma kamar kowane ɗan wasa, duk mai zuwa gida sai ya ba shi ƙullin riguna a raba wa dangi. Masunta kuwa ba su da kayan aiki da ya fi rigar ƙwallo, ba nauyi, ga saurin bushewa.

Ƙanensa Sufyanu aka fara tsinta, a ruwan da bai kai ƙugu ba, mutumin da ke ninƙaya tun kafin ya iya magana. Gawar ba riga. Bayan watanni baffansa Magaji ya bi, shi ma haka. Zakiyya, wadda ke kwana da rigar mijinta don kewa, ta fara toshe kunne tana cewa ana kiranta daga cikin randar tsakar gida. Sai da aka ɗaure ta da zane a jikin gado.

Hafizu ya gane, kuma nan ne nake jin haushinsa, don sai da ya ƙara kakar wasa guda yana cin ƙwallo, yana cewa kwantiragi ne. Da gwiwarsa ta tsage aka sallame shi, ya dawo Yauri ba ya barci, ba ya zama. Ya bi Shanga, ya bi Wara, gida gida, yana karɓo rigunansa. Ɗan gaba ba ya mance ƙwallayensa: wasa sittin da ɗaya ya ci a cikinsu. Ya cire uku da ruwa ya riga ya karɓa, har da ta Zakiyya da aka nema aka rasa. Da hantsi ya zube sauran a tsakar gida ya ƙirga. Hamsin da bakwai. Ya sake ƙirgawa, saura ɗaya.

"Inna, ina koriyar nan ta Kaduna, ta farko?"

Mahaifiyarsa Kande, wadda ko tsumma ba ta yarwa, ta ɗago daga tankaɗe. "Wadda ta koɗe? Na ba tela ya rage ma ɗiyarka. Ta ce ita ma lamba tara take so, awa babanta. Da ita ta bi maƙwabciyarmu Delu tsallake cin kasuwa."

Ya yi gudun da bai taɓa yi a fili ba, gwiwar na ƙara. Ya isa bakin ruwa ya iske jirgin fito ya yi nisa, yana hango ɗigon kore a gefensa. Ya yi kira har muryarsa ta dushe.

Jirgin bai kife ba. Babu iska, babu igiyar ruwa. Delu ta rantse tana riƙe da hannun yarinyar, ta juya ta amsa gaisuwa, ta waiwayo ta ga tafinta jiƙe, babu yarinya.

Benen yana nan, jemagu ke kwana ciki. Zakiyya na gidan iyayenta, ba ta gane kowa. Shi kuwa yana sintiri daga wannan bakin ruwa zuwa wancan, yana ƙirga riguna a jikin mutane.

Kai mai jin zaman benci ya ishe ka, ka ji tsoron Allah ka yi haƙuri da rabonka. Boka ba ya rage farashi. In ya nemi abu kaɗan, to ya riga ya ga wanda zai sa shi a jiki.