Kujerar da Ja'afar Ya Cire

Ja'afar bai kyauta ba. Da zai shirya babur ɗinsa don doguwar tafiya, cire kujerar baya ya yi, aka yi masa waldar kariyar ɗora jarkokin fetur. Kawunsa Lawal ya roƙe shi ya kai shi asibiti a Dutsin-Ma, ya ce, "Kawu, babu wurin zama." Bayan kwana biyu tsohon ya rasu.

Ran tafiyar, ya wuce Kurfi bayan isha'i, ba kowa a hanya, sai ya ji bayan babur ya yi nauyi. Warin man zafin da Kawu ke shafawa ya buge shi. Hannuwa masu sanyi suka riƙe ƙugunsa.

"Ashe akwai wuri, ɗana."

Har yau, duk inda Ja'afar ya nufa, da wannan goyon yake tafiya.