Addu'ar Da Na Yi Wa Hannun Eladio

"Ya Allah ka sa ya kuskure... ka sa ya kuskure!"

Abin da nake ta maimaitawa ke nan, hannuna a bakin hulata, alhali filin wasan gaba ɗaya ya miƙe tsaye ana kiran sunansa.

Eladio ya ɗaga ƙafa daga kan tudun jifa, ya saki ƙwallon.

Mai sanda ya kai bugu, ya bugi iska. Bugun iska na uku ke nan, an fitar da shi.

Ni ban yi tafi ba.

"Kin gani ko, Yaniris!" Papi ya daki kafaɗata yana dariya. "Daraja ta ƙara hawa! Yaro, ci gaba, yau sai mun sayar da kai da tsada!"

Papi ke nan, mahaifina, Don Eusebio wanzamin unguwarmu. Tun da ya baro Santo Domingo ya zo wannan gari na masana'antun ƙarfe, abu biyu ya riƙe hannu bibbiyu: askarsa da ƙungiyar besbol ta Maƙera. Maƙera kuwa bana sun zama abin tausayi, ko makaho ya san ba inda za su je. Kuma duk mai kallon besbol ya san abin da ƙungiya irin wannan take yi idan kakar wasa ta raba tsakiya: ta ɗauki gwaninta ta miƙa wa masu neman kofi, su kuma su ba ta matasa masu tasowa.

Gwanin Maƙera ɗaya ne, Eladio.

Kasuwar musayar 'yan wasa kuma yau take rufewa, kafin rana ta faɗi.

Can bayan mai cafke ƙwallo na hango su a jere, 'yan cinikin manyan ƙungiyoyi, kowa riƙe da na'urar auna gudun jifa. Ba sa tafi, ba sa dariya. Kallonsa kawai suke yi kamar mahauta a bakin kara.

Abin da Papi bai sani ba shi ne, wannan da yake ɗaga murya a sayar, shi ne numfashina.

A shagonmu muka haɗu, farkon bazara. Ya zo aski ina share gashi, ya ɗaga ƙafafunsa sama kamar ƙaramin yaro don in wuce da tsintsiya, na yi dariya, shi ke nan na faɗa. Muka ɓoye, don na san halin ubana. Ƙanwarsa, Goggo Altagracia, ɗan wasa ta aura, aka sayar da shi wani gari ya tafi bai waiwayo ba. Tun daga nan Papi ya yanke hukunci.

"Ɗan ƙwallo ba miji ba ne, kaya ne. Yau yana nan, gobe an ɗaure shi an loda a jirgi."

Ni kuma ko da ya yarda, ina zan tafi in bar shi? Mahaifiyata, Mami, ta rasu. Ni nake yi masa allurar ciwon suga, ni nake ƙwace kofi mai zaƙi daga hannunsa muna faɗa.

Jiya da rana, a cikin motarsa a bakin kogi, na yi abin kunya.

"Eladio... gobe kada ka yi kyau."

Ya juyo a hankali. "Me kika ce, zuciyata?"

"Wasa ɗaya kawai! Ka bari su bubbuge ka. 'Yan cinikin nan su ce hannunka ya gaji, su tafi su bar mini kai. Kasuwa ta rufe, shi ke nan!"

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Kin san da me na koyi jifa? Da lemun tsami, a bayan gonar rake. Uwata ta sayar da keken ɗinkinta ta saya mini safar hannu. Ban taɓa cin amanar ƙwallo ba, Yaniris."

"To ni za ka ci amanata?"

Wayyo bakina! Na ga yadda maganar ta soke shi.

"Na ji," ya ce. "Na bar miki. Gobe kafin kowane zagaye zan dubi kujerarki. In kika cire hularki, zan ɓata wasan. Na rantse. In tana kanki, zan yi jifa da duk abin da Allah ya ba ni."

Shi ya sa hannuna yake maƙale da bakin hular nan tun da aka fara. Na kasa cirewa, na kasa saki. Sai na koma roƙon Allah ya yi mini aikin da na kasa yi da kaina.

"'Yar gidan Don, lafiya? Na ga kina gumi."

Radhames ne, daga ɗaya gefen Papi. Shi ke gabatar da shirin wasanni a rediyon unguwa, shi ya samo mana waɗannan kujeru na kusa da fili, kuma sau biyu yana zuwa neman aurena ina cewa a'a. Mutum ne mai turare da yawa da kunya kaɗan. Makonni ya yi yana kururuwa a rediyo cewa in Maƙera ba su sayar da Eladio yanzu ba, sun yi asarar duniya. Na daɗe ina zargin ya gan mu a bakin kogi, murmushinsa na yau ya tabbatar mini.

"Rana ce," na ce.

"Rana ce kuwa." Ya juya ga Papi. "Don Eusebio, masu neman kofi na gaɓar yamma fa sun taya shi da matasa uku. Har da yaron nan mai bugun hagu."

"Uku? Su ƙara mai cafke ƙwallo! Namu gwiwoyinsa sun mutu, tsugunawa yake yi kamar tsohuwa a coci."

"Ka cika haɗama, Don. Kwantiraginsa fa ƙarshen kaka zai ƙare. In ba a sayar yau ba, a banza zai tafi."

"Kai me ka sani? Hannun nan ya fi ƙarfin uku!"

Wani mai tumbi a bayanmu ya tsoma baki wai a riƙe shi a gina ƙungiya a kansa, Papi ya ce masa ya ci biredinsa ya yi shiru. Suna ta cinikin mutum a kaina.

Zagaye na shida. Eladio ya hau tudu, ya share ƙasa da takalminsa, ya ɗago.

Idonsa a kaina.

Na ga gajiya a fuskarsa, na ga tsoro irin nawa. Yatsuna suka ɗaga hular kaɗan, har iska ta taɓa goshina. Ɗagawa ɗaya ta rage, ya zama nawa.

Sai na tuna keken ɗinkin matar da ban taɓa gani ba. Na hango shi yana saukowa daga tudun nan ana yi masa ihu, ya dawo gare ni da kansa a ƙasa, kullum in ya dube ni ya tuna abin da na sa shi ya yi.

Na danna hular da hannu biyu har ta rufe mini gira.

Ya gyaɗa kai sau ɗaya.

Abin da ya yi bayan nan, har yau ana labarinsa a shagon Papi. Mutum uku suka zo da sanda, mutum uku suka koma ba wanda ya taɓa ƙwallo. Ni dai hawaye ya hana ni gani.

Da aka shiga zagaye na bakwai, ba shi ya fito ba.

Kowa ya juya yana leƙen rumfar 'yan wasa, don duk mun san alamar. In aka cire ɗan wasa yana tsakiyar yin kyau a rana irin wannan, abu ɗaya ake jira a gani.

Kocin ya dafa kafaɗarsa ya yi masa raɗa. Eladio ya sunkuyar da kai. Sai ya miƙe ya rungume mai cafke ƙwallo. Ya rungume na kusa da shi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Runguma!" wani ya kwarma ihu. "An sayar!"

"An sayar!" Papi ya yi tsalle yana kaɗa hula. "Yaniris, an..."

Bai ƙarasa ba. Na zube a kan kujera ina wani irin kuka da ban san ina da shi ba.

"Ke! Mene ne? Yaniris!"

"Ayya, Don," Radhames ya ce, murya kamar zuma. "Ashe ba ka sani ba? Surukinka ne aka loda a jirgi. Tun bazara suke tare. Har na ji ƙishin-ƙishin wai ya yi mata alkawarin zubar da wasa."

Papi ya dube shi. Ya dube ni.

Ban musa ba.

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Muna isa gida ya karɓi allurarsa daga hannuna ya yi da kansa, abin da bai taɓa yi ba.

Washegari da safe ina share shago, idanuna sun kumbura. Tsofaffin 'yan domino sun cika benci suna gardamar ko an cuci Maƙera a cinikin. Papi na wasa aska a jikin fata, shuuu, shuuu, bai ko kalli inda nake ba.

Ƙararrawar ƙofa ta kaɗa.

Eladio ne, da jaka a kafaɗa.

Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. 'Yan domino suka ajiye wasa.

"Barka da asuba, Don Eusebio. Jirgina na rana ne. Na zo a gyara mini gemu."

"Eladio, don Allah ka tafi..." na faɗa da raɗa.

"Zauna," in ji Papi.

Ya zauna. Papi ya kwantar da kujerar, ya shafa masa kumfa, ya ɗaga haɓarsa da ɗan yatsa, ya ɗora askar daidai maƙogwaronsa.

Na san ubana ba mugu ba ne, amma na san hannunsa yana rawa in ransa ya ɓaci, kuma yanzu rawa yake yi.

"An ce ka yi niyyar sayar da wasa saboda mace."

"Gaskiya ne, Don."

"Kada ka motsa. Me ya hana ka?"

"Ita. Na ce in ta cire hula zan ɓata. Ba ta cire ba."

Askar ta tsaya cak.

Papi ya ɗago ya dube ni ta cikin madubi, karo na farko tun jiya.

"Hular da kika yi ta murzawa ke nan?"

Na gyaɗa kai, hawaye na zuba.

"Kin san in kin bar ta a kanki tafiya zai yi?"

"Na sani, Papi."

Ya ja askar sama a hankali, ya goge kumfar a tawul.

"To me ya kawo ka? Kaya an riga an ɗaure."

"Kayan yana da baki, Don. Kwantiragina zai ƙare da kaka, daga nan ni zan zaɓi inda zan zauna, ba wanda zai ƙara loda ni ba da sona ba. Ina son Yaniris da aure. Ban zo in sace ta ba, na zo in roƙa. In ka ce a'a, wuyana yana hannunka."

"Kai, yaron nan yana da zuciya!" wani tsoho ya ce daga benci.

"Rufe mini baki, Fermin!"

Papi ya gama askin tsaf. Ya shafa masa ruwan ƙamshi, ya ɗaga kujerar, sannan ya zauna daɓas a kan ta kusa kamar wanda ya yi dako.

"Wata guda ina ihu a sayar da kai," ya ce. "Ina lissafin matasa uku, matasa huɗu. Ashe 'yata nake yi wa ciniki ban sani ba."

"Papi, ba inda za ni. Wa zai yi maka allura?"

"Jiya wa ya yi mini? Kuma Altagracia na nan, ta daɗe tana neman wanda za ta dama wa rai." Ya nuna Eladio da askar. "Ga sharaɗina. Ba za ta bi ka yau ba. Ka je ka ci musu kofinsu. In kaka ta ƙare ka dawo da ƙafarka, ka zauna a kujerar nan, a ɗaura aure a cocin unguwa. In ba ka dawo ba, na san inda jijiyar wuyanka take."

"Zan dawo, Don."

"Mijin Altagracia ma haka ya ce."

"Wancan ba a taɓa danna masa hula ba."

Fermin ya fashe da dariya, Papi ya harare shi, amma na ga gefen bakinsa ya motsa.

Eladio ya dawo. Ganyen bishiyoyi bai gama zuba ba ya turo ƙofar shagon, gemu buzu-buzu, wai ya hana kowa taɓawa. Radhames kuwa ya sanar da bikin a rediyo da murya kamar mai karanta sanarwar rasuwa.

Ranar da za mu tafi sabon garinmu, Papi ya cire tsohuwar hularsa ta Maƙera, wadda gumin shekaru ya cinye launinta, ya ɗora mini a ka.

"Ki tafi da ita. In Maƙera suka zo garinku, kin san wanda za ki goya wa baya."

"Papi... in mijina ne zai yi jifa ranar fa?"

Ya share idonsa da bayan hannu, ya danna mini hular har gira.

"Sai ki roƙi Allah ya sa ya kuskure. Ai na ji ki ranar nan, kin iya."