Auta da Kwamfuta Mai Zazzaɓi

Auta tana aji ɗaya a ƙaramar sakandare. A makarantarsu akwai ƙungiyar masu koyon kwamfuta, kuma ita ce gwanar ƙungiyar. Ta san sunan kowane abu da ke cikin kwamfuta. Ta kuma san cewa ta sani.

Mamanta tela ce. Tana da keken ɗinki mai yin ado da zare. A kwamfuta take zana adon, sannan ta tura wa keken. Kwamfutar tana ajiye a ƙarƙashin teburin ɗakin ɗinki, kusa da kwandon ƙyallaye.

Ran Litinin da yamma Auta ta shiga ɗakin. Babu wanda ke aiki da kwamfutar, amma fankarta tana ta gurnani. Ta taɓa akwatin kwamfutar, ta ji shi zau. Ta buɗe manhajar da ke nuna zafi, ta ga digiri saba'in.

"Mama, kwamfutarki zazzaɓi take yi," in ji Auta.

"To a ba ta magani mana," in ji Mama tana dariya.

"Da gaske nake. Ƙwaƙwalwarta ce ta yi zafi, alhali ba ta aikin komai. Idan kika fara zane, zafin zai ƙaru, har ta kashe kanta."

Mama ta daina dariya. "Sau biyu ta mutu mini jiya. Ga shi wata makaranta ta ba ni aikin tambarin rigunan wasanni. Ran Alhamis za a zo karɓa."

"Sabuwar kula take buƙata."

"Kula? Ta zuba abinci?"

"A'a, Mama. Ƙarfe ne da fanka. Shi ke zuƙe zafin ƙwaƙwalwar, fankar ta kore shi waje."

Washegari Auta ta tambayi Malamin Kwamfuta. Malam ya ji daɗin tambayar.

"Saba'in ya yi yawa ga kwamfutar da ke zaune kawai," ya ce. "Ki fara da share ƙura. Idan kular ta tsufa, a sauya ta. Amma kafin ki saya, akwai abu biyu da za ki..."

Sai aka kaɗa ƙararrawar tashi.

"Na gane, Malam, na gode," in ji Auta. Ta ɗauki jakarta ta fita da sauri.

Da yamma suka je shagon kayan kwamfuta ita da Mama. Auta ta hango wata kula ƙatuwa, mai fanka biyu da fitilu masu sauya launi. Idonta bai sake kallon wata ba.

"Waccan nake so," ta ce.

"'Yata, yaya girman akwatin kwamfutarku yake?" in ji mai shago.

"Babba ne."

"Kin auna?"

"Ba sai na auna ba, Baba. Ni 'yar ƙungiyar kwamfuta ce."

Mama ta kalle ta. "Kin tabbata, Auta?"

"Na tabbata."

Da suka koma gida, Auta ta zare wayar wuta, ta kwance murfin akwatin. Ƙura da zare sun cika tsohuwar kular kamar an cusa mata auduga. Ta kama ta, ta ja. Ta ƙi fita. Ta ƙara ja da ƙarfi. Sai ta ji ƙas. Ɗaya daga cikin ƙafafun robar kular ya karye.

"Ba komai," ta ce a ranta. "Ai ga sabuwa."

Ta ɗaga sabuwar ta gwada. Kanta ya leƙo waje. Ta juya ta dama, ta juya ta hagu. Murfin ya ƙi rufuwa. Ramukan kusoshinta ma ba su yi daidai da na allon ciki ba, wato allon da ƙwaƙwalwar ke zaune a kansa.

Auta ta zauna a ƙasa. Sabuwa ta ƙi shiga, tsohuwa ta karye. Kuma ta san ba a kunna kwamfuta babu kula, don ƙwaƙwalwar tana iya lalacewa.

Mama ta shigo. Ta kalli kwamfutar, ta kalli Auta. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki waya ta kira shugabar makarantar da ta ba ta aiki.

"Ranki ya daɗe, ki yi haƙuri," Auta ta ji Mama tana cewa. "Na sami matsala. Ki ƙara mini kwana ɗaya, zuwa Juma'a."

Auta ba ta taɓa jin Mama ta saɓa alkawarin aiki ba. Hawaye ya cika mata ido.

"Mama, laifina ne," ta ce. "Malam yana magana na tafi. Mai shago ya tambaye ni, na amsa abin da ban sani ba."

Mama ta zauna kusa da ita. "Shekarata ashirin ina ɗinki. Kin taɓa ganin na yanka yadi ban auna mai rigar ba?"

"A'a."

"Ko ke da na haifa, sai na auna ki." Ta ciro tef ɗin awo daga wuyanta ta miƙa mata. "Share hawayenki. Gobe ki koma wurin Malam."

Ran Laraba, tun kafin a shiga aji, Auta ta sami Malam. Ta gaya masa komai, ba ta ɓoye ko ƙafar da ta karya ba.

"Abu biyun da ka fara faɗa mini, Malam, don Allah ka ƙarasa."

Malam ya yi murmushi. "Na farko, ki auna tsawon wurin da ke tsakanin ƙwaƙwalwar da murfin. Na biyu, ki rubuta lambar da ke jikin allon ciki, don kowace ƙwaƙwalwa da irin kular da ke zama a kanta. Babba tana da amfani, amma sai in ta shiga."

Ya kuma rubuta mata yadda ake ɗaurawa, mataki bayan mataki.

Da ta dawo gida ta auna. Santimita goma sha huɗu. Ta duba kwalin ƙatuwar kular, ta ga goma sha shida. Ta rubuta lambobin a takarda. Suka mayar da kular cikin kwalinta, suka koma shago.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji Auta. "Jiya ban auna ba. Yau ga awon."

Mai shago ya karanta takardar, ya gyaɗa kai. "Yanzu kika zo sayayya." Ya karɓi ƙatuwar, tunda ba ta lalace ba. Ya jera mata guda uku da za su shiga. Auta ta karanta bayanin kowacce a hankali. Ta zaɓi mai santimita goma sha uku, mai fanka ɗaya marar ƙara. Ba ta da fitila ko ɗaya.

A gida, Mama ta riƙe mata tocila. Auta ta share ƙurar tas. Ta goge tsohon man da ake sawa tsakanin kula da ƙwaƙwalwa, wanda ya bushe a kan ƙwaƙwalwar. Ta ɗiga sabo kaɗan a tsakiya, kamar ƙwayar wake. Ta ɓare ledar da ke manne a ƙasan kular, ta ɗora, ta ɗaure kusoshi a hankali. Murfin ya rufu lafiya lau.

Suka ɗaga kwamfutar daga ƙasa suka ajiye ta a kan tebur, inda iska ke ratsawa. Auta ta kunna. Suka zuba wa manhajar da ke nuna zafi ido.

"Nawa?" in ji Mama.

"Talatin da takwas."

Ranar Alhamis Mama ta wuni tana aiki, kwamfutar ba ta mutu ko sau ɗaya ba. Ran Juma'a shugabar makarantar ta zo. Ta ɗaga riga ɗaya, ta yaba tambarin.

"An gyara matsalar ke nan?" ta tambaya.

Mama ta dafa kafaɗar Auta. "'Yata ce ta gyara, da hannunta."

Auta ta sunkuyar da kai tana murmushi. A mako na gaba Malam ya sa ta tsaya gaban 'yan ƙungiya ta ba su labarin. Ta faɗi kuskurenta kafin ta faɗi nasararta.

"Ku saurari magana har ƙarshe," ta ce musu. "Ku auna kafin ku zaɓa. Idan kuma kun yi kuskure, ku faɗa, sannan ku gyara."