Koren Fenti a Kan Ruɓaɓɓen Katako

Da hantsi aka kira Sufeto: wani dattijo ya faɗo daga barandar benensa, ya mutu nan take. Kafin ya isa, 'yan gidan sun riga sun yanke hukunci, har sun miƙa mai fentin da ke yi musu aiki ga kofur. Mutane akwai saurin samun mai laifi, muddin ba ɗan gida ba ne.

Sufeto ya ɗauki guntun shingen katakon barandar da ya karye. Ta waje kore shar, yana ƙyalli. Ya danna babban yatsa, sai ya nutse. Cikin ya ruɓe, an cusa masa foti an toshe ramukan, kuma tsohon fenti na nan a ƙarƙashin sabon. Ya zagaya gidan. Tagogi da ƙofofi duk an kankare su, an goge da sanfefa, amma ba a shafa musu kore ba tukuna.

A caji ofis mai fentin yana zaune a ƙasa, idanunsa jajir.

"Kai ka yi wa shingen fenti?"

"Yallaɓai, ko buroshi ban ɗora masa ba. Na fara kankarewa na ga ruwa ya cinye shi. Na zana masa alli, na ce a kira kafinta."

"Wa ka gaya wa?"

"Auta. Babansa ya damƙa masa kula da aikin."

Auta, ƙaramin ɗan marigayin, magidanci ne da gemunsa. Da Sufeto ya koma gidan, ya same shi zaune yana karɓar gaisuwa, hannayensa cikin aljihu.

"Ƙarya yake yi," in ji shi. "Ni ban san komai a harkar fenti ba."

Sufeto bai musa ba. Ya leƙa ɗakin ajiya. Burosan mai fenti na jere, wankakku tas. Guda ɗaya ne aka jefa bayan buhu, ya sandare da kore.

A bayan gida ya iske uwar Auta tana dirzar wata riga, warin kananzir ya cika wurin.

"Mama, rana irin ta yau da wanki?"

"Ta marigayi ce," ta ce, ba ta ɗago ba.

Rigar ko rabin marigayin ba za ta rufe ba. Abin ya yi wa Sufeto ɗaci: mijinta kwance a ɗaki, wani bawan Allah a kulle, ita tana nan tana wanke shaida.

Ya koma wurin Auta. "Fito da hannunka."

Koren na nan a ƙarƙashin faratansa. Auta ya daɗe yana kallonsu.

"Kullum sai Baba ya ce ban iya komai ba," in ji shi. "Jiya a gaban mutane ya ce ko baranda ɗaya na kasa sa a gama. Da mai fenti ya tashi, na goge allin, na toshe ramukan, na shafe shi. Da safe na kai Baba ya gani."

"Sai me?"

"Ya shafa, ya ce, 'Yau kam ka yi abin kai.' Tunda nake bai taɓa faɗa mini haka ba. Ina tsaye ina jin daɗi, sai ya jingina."

Kofur ya sa masa ankwa. Uwar ta biyo su har bakin mota, hannunta da kumfa.

"Ku saki mai fenti," in ji Sufeto. "A kuma rufe ƙofar benen."