Sarƙar da Umma Ta Ƙi

"Wannan ba sarƙata ba ce!"

Umma ta wurgo ta kan kujera tana nuna saurayina da yatsa. Shi kuwa yana durƙushe a bakin ƙofar falo, ƙyallen da ya naɗo ta a ciki na hannunsa.

"Haba Umma, taki ce mana," na ce. "Wanke ta kawai ya yi..."

"Rufe min baki, Auta! Wadda babanki ya saya min ba ta wannan ƙyallin banzan. Ya musanya min ita!"

Ni na jawo. Tun rasuwar Baba mantuwa ta kama Umma. Sarƙar ba ta barin wuyanta, da ita take wanka, a kanta take fesa turare, har ta dusashe, datti ya toshe bayan jan dutsen da ke tsakiya. Sai na lallaɓa na cire mata tana barcin rana, na kai wa wanda zan aura, tunda maƙerin zinare ne. A gabana ya jiƙa ta a ruwan ɗumi da ɗan sabulu, ya bi ta da burushi mai laushi, ya matse haƙoran da ke riƙe da dutsen. So nake ya burge ta, ko ta sa baki Yaya ya tsayar mana da rana.

"Ki yi haƙuri, Umma," ya ce a hankali.

"Ɓarawo! Ba zan ba ɓarawo 'yata ba!"

Na bi shi waje.

"Haƙurin me kake ba ta? Sata ka yi? Ka yi magana mana!"

"In ce me, rabin raina? In yi musu da mara lafiya?"

"To ni fa? Jiya ta sa makullai a firji, yau kai ne ɓarawo... Na gaji! Wallahi na gaji!"

Ya miƙo min ƙyallen. "Ki naɗe ta ita kaɗai. Kada ki haɗa ta da 'yan kunne, za su karce ta."

Ina kuka yana yi min zancen karcewa! Na fizge na shige gida.

Ya daina shigowa. Yaya ya ce ba zai ɗaura aure uwarsa na tsine wa ango ba. Umma kuwa kullum tana shafa wuyanta tana cigiya, in na ɗauko mata sarƙar ta kawar da kai. Ni da saurayina kuwa a waya muke faɗa, mu shirya, mu sake faɗa.

Watanni suka shuɗe. Wata safiya ya kawo maganinta, bai san tana tsakar gida tana shan hantsi ba. Ya tsaya cak.

Umma ta dube shi tana murmushi.

"Yarinya, wane ne wannan yaro mai kunya?"

"Maƙeri ne, Umma... shi ke sona."

"Masha Allah!" Ta kamo hannuna ta rage murya. "Ki gaya wa mamanki kada ta bari ya kuɓuce miki, kin ji?"

Na duba idonta ina neman kaina a ciki, ban samu ba.

Ya ajiye maganin ya juya baya, yana share hawaye. Ni kuwa na durƙusa na kifa kaina a cinyarta.

"To, Umma," na ce. "Zan gaya mata."