Ɗaga Kan Baba

“Ba zan kira shi ba, Gwaggo.”

Gwaggo Yanti ta zaro ido. “Ke Lastri, kanki ɗaya? Duk abin da aka ce wa babanki yau, ɗaga kai yake yi. Kira Danang ya zo ya nemi aurenki, a wuce wurin!”

Lastri ta hango mahaifinta Suwardi ta gilashin ɗakin jinya. Jiya likitocin birnin Semarang suka tsaga ƙirjinsa, suka yi wa jini sabuwar hanya zuwa zuciya. Maganin da ke ɗiga masa ta jijiya shi ke danne ciwon, shi ke riƙe bugun zuciyar kada ya hau kada ya faɗi. Bai yi barci ba, ba a farke yake ba. Kowa ya kira shi sai ya yi murmushi.

Shi ne fa mutumin da ya sallami Danang. Tun ranar da ruwan sama ya tare su a rumfar mai miyar soto, Danang ya ba Lastri lemarsa ya tafi a jiƙe, ba ta ƙara kallon kowa ba. Amma Baba ya lissafa ranakun haihuwarsu irin na kakanni, ya ce ba su dace ba.

“Wannan amincewar ba tasa ba ce, ta magani ce,” in ji Lastri. “Ran da ya farka ya ji, zuciyar nan za ta ɗauka?”

“Boko kenan! Sai ki tsufa a gida da digirinki.”

“In tsufa.”

Wayarta ta yi ƙara. Saƙon Danang ne: “Hasken idona, Gwaggo ta kira ni, ina bakin asibiti. Jikin Ummata ya yi tsanani, burinta ta gan mu a kujerar aure. In shigo?”

Ta rubuta: “Koma gida, Yayana. Ba zan same ka ta hanyar sata ba. Yi fushi, amma ka jira ni.”

Ya yi fushin kuwa. Baba ma da aka janye maganin, da bakinsa ya sake cewa a'a. Lastri ba ta roƙe shi ba, ba ta kuma saurari wani ba.

Da fushin ya huce, Danang ya riƙa zuwa da safe yana raka Baba tattakin da likita ta ɗora masa. Damina ta wuce, wata ta zo. Ran nan Baba ya tsaya yana haki, ya ce, “Kai ɗan naci, ranar haihuwarka dai ba ta gyaru ba. Turo manyanka.”

Da hankalinsa garau Baba ya riƙe hannun Danang ya ɗaura auren. “Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ta gari.”

Lastri ta amsa da amin, kanta a sama. Umman Danang kam ba ta gani ba, an binne ta kafin a sa rana. Danang bai taɓa yi wa Lastri gori ba, amma sun san jiranta ne ya hana tsohuwar ganin auren ɗanta.