Baƙin Mai a Tsohuwar Rijiya

Magariba ta kawo jiki, an rufe gareji, bakaniken da ke da garejin yana tsakar gidansa yana dirje hannunsa da sabulu, sai wani abu ya faɗo kan kwanon ɗaki, ƙwal! Ya ɗauka yaran unguwa ne. Da abin ya gangaro gabansa sai ya ga notin taya ne, da ɗuminsa kamar yanzu aka kwance shi.

Garejin sabo ne. A filin da ke jikin gidansa ya buɗe shi, bayan ya gaji da yi wa wasu bauta. Ya nemi izini, ya haƙa ramin duba mota, ya sayi kayan aiki, ya ɗauko ƙaninsa da ya koya wa sana'a da hannunsa. Abu ɗaya hukuma ta ja masa kunne a kai: baƙin man da ake juyewa daga inji, kada a zubar da shi a ƙasa, a tara shi a duro a kai inda aka tanada. Ƙanin ya bugi ƙirji ya ce wannan a bar masa.

Daga ranar da notin nan ya faɗo, duk faɗuwar rana sai an yi ruwan noti. Sai gidan ya yi tsit, sai a ji ana tari a bayan katanga, inda ba kowa. Daga baya abin ya koma kan Auta, 'yar bakaniken, wadda kullum tana manne da baffanta a gareji. Ta daina ci, ta rame, in ta buɗe baki warin mai ke fita. Ƙanin ya fi kowa salati da jajantawa, Allah sarki.

Aka ɗauko malamin ruƙiyya. Ya zauna ya yi ta karatu har yarinyar ta sandare, wata murya ta tsoho ta fito daga bakinta.

"Kai waye? Me ta yi maka?" in ji malam.

"Ba ta yi min komai ba. A tsohuwar rijiyar bayan gareji nake da iyalina. An cika mana gida da baƙin mai, jikana har ya makance."

Bakaniken ya ce, "Wallahi ban taɓa zubawa ba!"

"Na sani. Ƙaninka ne, ganda yake yi wa ɗaukar duro. Shi na fara zuwar wa, na yi ta gargaɗinsa. Ya ce garejin ba nasa ba ne, in je gidan mai shi."

Bakaniken ya juya a hankali. Ƙanin ya sunkuyar da kai, ko musu bai yi ba. Wato duk ramar yarinyar nan yana kallo, ya san dalili, ya kama bakinsa. Abin ya soki bakaniken fiye da duk jifan da aka yi masa.

Aljanin ya ce sai a rufe garejin. Malam ya ce ba za a toshe wa bawan Allah hanyar abinci ba. Za a yashe rijiya, mai kuma ya koma duro. Aka yi ta ja-in-ja, can muryar ta yarda, bisa sharaɗin hannun da ya zuba kada ya sake taɓa ƙarfe a filin. Auta ta yi atishawa, jikinta ya saki.

Da ta buɗe ido, baffanta ta fara hanga. Ta miƙa masa hannu, ta ce, "Baffa, ɗauke ni."

Ƙanin ya taso. Bakaniken ya shiga tsakaninsu, ya ɗauki 'yarsa ya saɓa a kafaɗa.

"Kada ka taɓa ta," ya ce. "Ajiye makullin garejin a nan."